Wutsiyar da Na Zana a Allo

Shekarata ta farko a aikin koyarwa aka tura ni wata firamare da ke tsakanin Hayin Banki da Kawo, wajen ƙarshen shekarun tamanin. Ina da shekara ashirin da ɗaya, da takardar shaidar malanta sabuwa fil, da takalmi mai tsini da nake ƙwas-ƙwas da shi a baranda, ga kuma jin kai irin na wadda ubanta akawu ne a ofishin gwamnati. Aka ba ni aji biyar. A ganina duk malaman da na tarar a makarantar barci suke yi, ni aka aiko in tashe su.

Littafin da ya jawo komai a gwanjo na saye shi, a gefen Babbar Kasuwa, wurin masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa. Bangonsa ya yage, wani ɗan Bature ya yi masa zane-zane da fensir mai launi kafin ya iso hannunmu. Labarin wasu manyan dabbobi ne da suka shuɗe tun da daɗewa, waɗanda ake kira dainaso, ba wanda ya taɓa ganinsu sai ƙasusuwansu da ake tonowa. A cikin bas na buɗe shi, ban ɗago kai ba sai da muka wuce Kurmin Mashi, inda gidanmu yake, na dawo da ƙafa ina ta tsaki.

Akwai masu dogon wuya a ciki, akwai masu tafiya da ƙafa biyu da baki cike da haƙora zaƙo-zaƙo. Amma wadda ta tsaya mini a rai wata ce gajera mai faɗi, sunanta har yau ya fi ƙarfin harshena. Ciyawa da ganye take ci. Littafin ya ce tsawonta ya kai na bas, nauyinta kuma kusa da na giwa. Ba ta da gudu, ba ta da fiƙa. Abin da take da shi, bayanta duk faranti-farantin ƙashi ne a jere cikin fata, irin na kada amma ya fi kauri, har fatar idonta da ƙashi a ciki. Cikinta ne kawai mai laushi, shi ya sa ake jin in mai cin nama ya taso mata sai ta durƙusa ta manne da ƙasa. Sai kuma wutsiya. Ƙasusuwan ƙarshenta a haɗe suke, sun sandare kamar taɓarya, a can bakin kuma ga wani dunƙulen ƙashi kamar guduma. Ba sama take ɗaga shi ba. Gefe take kaɗa shi, ƙasa-ƙasa, daidai ƙwaurin wanda ya biyo ta, kuma masu binciken suna ganin duka ɗaya ya isa ya karya ƙafa. Mai cin naman da ƙafarsa ta karye kuwa ya gama farauta.

A ajina akwai wata yarinya 'yar mahauci, mutanen Zamfara ne da ke zaune a Hayin Banki. A makare aka sa ta makaranta, don haka ta girmi 'yan ajin da shekara biyu ko uku, ta kuma fi kowa jiki. A bencin ƙarshe take zama don kada ta tare wa wani allo. Ba ta magana sai an tambaye ta, in ta yi kuma da harshen garinsu take yi, sai aji ya kwashe da dariya. Tun makon farko hedimasta ya ce in riƙa lallaɓa ta. Ya ce da kyar uban ya yarda, shi kaɗai ne a layin mahautansu da ya kawo 'ya mace boko, kuma ranar da ya kawo ta ya faɗa a gaban kowa cewa duk ranar da aka kira shi a kan wata fitina zai mayar da ita ƙauye wurin kakarta, karatu ya ƙare ke nan. Yarinyar ta san da wannan sharaɗi, kuma tana son karatun. Rubutunta ya fi na kowa tsafta, littattafanta duk ta yi musu riga da tsohuwar jarida.

Kullum uban yakan ƙunso mata ɗan soyayyen nama a takardar siminti, ta ƙulle a bakin gyalenta yadda mata ke ƙulle 'yan kuɗinsu. Kullum kuma in an fita tara, wani yaro ɗan ajinmu yakan bi ta baya da abokansa biyu, suna yi mata kukan saniya, ya fizge ƙullin su raba. Ubansa babban ma'aikacin gwamnati ne, shi ne kuma shugaban ƙungiyar iyaye da malamai. Yaron ba yunwa yake ji ba, da burodi mai man shanu yake zuwa a gwangwani. Ita kuwa ba ta kai ƙara, don ta san ƙara tana iya kaiwa ga a kira ubanta.

Ni ina gani. Tagar ofishin malamai tana kallon gindin mangwaron da take zama, kujerata kuma a jikin tagar take. Ina shan kununa ina cin ƙosai ina gani, zango biyu cur. Nakan ce wa kaina wasan yara ne, gobe za su manta. Gaskiyar maganar ita ce ba a tabbatar mini da aiki ba tukuna, kuma tsofaffin malamai sun raɗa mini cewa kalma ɗaya daga bakin uban yaron ta isa a jefa malami ƙauyen da mota ba ta zuwa. Sau da yawa idona da nata sukan haɗu ta tagar, sai in gyara zama in juya kujera.

Wata Litinin darasin ƙarshe na aikin hannu ne, mu kuwa ba mu da ko almakashi. Na ce to yau ranar nuna musu abin da sauran malamai ba su sani ba. Na ɗauki alli na cika allo da dabbar nan, tun daga hanci har guduma, na ba su labarinta da Hausa, har da kwaikwayo. Na durƙusa yadda take durƙusawa. Da na zo kan wutsiya sai na cire gyalena, na ƙulle dastan allo a bakinsa, na juya baya na kaɗa shi ƙasa-ƙasa ya bugi ƙafar teburi, ƙurar alli ta tashi. Aji ya rikice da ihu, suna ta cewa in sake. Na sake har sau uku, ina jin kaina gwana.

A cikin hayaniyar yaron nan ya ɗaga hannu ya ce, “Malama, ai ga irinta can a bencin baya.” Aji ya sake fashewa. Na ce masa ya isa haka, amma da dariya a bakina na faɗa, kowa kuma ya gani. Ita ba ta ɗago ba. Tana ta kwafar zanen a littafinta, harshenta a gefen baki.

Kafin a tashi na rubuta tambaya ɗaya a ƙasan allo, na ce su amsa da Hausa tunda abin ba ya cikin manhaja. Tambayar ita ce me ya sa wannan dabba take da guduma a wutsiya. Amsar da nake so na riga na maimaita musu ita har ta gundure su, wato don ta kare kanta daga masu cin nama. Na karɓi littattafai, washegari na duba su a gurguje ina hira da wata malama a kan ɗinkin sallah. Wanda ya rubuta abin da na faɗa in ba shi maki, wanda ya kauce in ja masa jan biro. Na tura su cikin kabad na manta ban raba ba.

Ranar Alhamis aka fita tara kamar kullum. Ina jikin taga da kofina. Na ga ta tafi gindin mangwaro, amma ba ta zauna ba, kuma ba gyalen makaranta ne a jikinta ba, wani tsohon gyale ne dogo, na manya, ta ɗaure shi a ƙugu ta bar bakinsa yana reto a baya da ƙulli. Har na yi murmushi, na ce a raina yau an ba ta nama da yawa. Yaran uku suka taho suna kukan saniya. Sai ta juya musu baya ta ranƙwafa, ta rungume wani ƙunshi a cikinta. Ban gane abin da nake kallo ba. Yaron ya miƙa hannu zai cafki ƙullin, ita kuma ta damƙi gyalen daga ƙugu ta juya da dukan jikinta lokaci ɗaya.

Daga ofis na ji ƙarar. Ba ihun yaron na fara ji ba, ƙarar ƙashin na fara ji, wani sauti kamar an karya rake. Kofin ya kuɓuce mini. Na fita ba takalmi, ni da ba na taka ƙasar makarantar nan sai da tsini, na tarar da shi a kwance yana birgima riƙe da ƙwauri, abokan sun watse. Ita tana nan a ranƙwafe yadda take, ba ta gudu ba, ba ta kuma sake kai duka ba. Wani malami ya kwance ƙullin. Dutsen washi ne a ciki, irin wanda mahauta ke wasa wuƙa da shi, dogo, baƙi, tsakiyarsa ta lotse don amfani.

 Ba jinin yaron ne ya firgita ni ba, don babu ma jini sosai. Abin da ya firgita ni shi ne na san wannan juyin. Nawa ne. Inda ta kama gyalen, yadda ta sauke shi ƙasa-ƙasa, duk yadda na yi a gaban allo ne, ba ta ƙara komai ba sai nauyi. Aka kira uban yaron, ya zo da mota ya kai shi asibiti, aka ce ƙashin ya tsage, aka naɗe ƙafar da filasta har gwiwa.

Litinin aka zauna a ofishin hedimasta. Dutsen yana kan teburi a bisa gyalen. Uban yaron yana kan kujera mai hannu da babbar riga, ni ina tsaye jikin kabad, yarinyar tana durƙushe a ƙasa. Mahaucin ya zo kai tsaye daga mayanka, dogon dattijo ne mai furfura a gemu, ya tuɓe takalminsa a bakin ƙofa duk da hedimasta ya ce ya bari. Ya gai da kowa ɗaya bayan ɗaya, har da ni. Da idonsa ya kai kan teburi sai ya ce dutsensa ne, kwana huɗu yana nemansa.

Uban yaron ya yi magana mai tsawo. Ya ce kora yake so, in ba haka ba 'yan sanda. Hedimasta ya tambayi yarinyar dalili. A hankali ta ce yaron yana ƙwace mata nama kullum. Uban ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce ɗansa da ke cin kaza a gida me zai yi da guntattakin mahauta. Aka kira abokan biyu, suka rantse wasa kawai suke yi da ita, ba su taɓa karɓar komai ba. Sai hedimasta ya tambaye ta wa ya koya mata ƙulla dutse a gyale. Ta ce a darasi ta gani, ba ta ambaci sunana ba, amma duk idanu suka dawo kaina. Dole na je na ɗauko littafin dabbobin. Uban yaron ya ɗan leƙa ya ture shi, ya ce ashe tatsuniyar dodanni ake koya wa yara da albashin gwamnati, kuma zai so ya san wa ya ba ni izini.

Mahaucin ya roƙi a ba shi ya gani. Ba ya karatun boko, don haka bai kula rubutun ba, ya tsallake hoton mai launi ya tsaya a shafin da aka jera ƙasusuwan. Ya ɗora babban yatsansa a kan kai, ya bi ta wuya, ya sauko ta haƙarƙari, a hankali, yadda na sha ganin mahauta suna bin gadon bayan sa kafin su sa wuƙa. Ya daɗe a kan wutsiyar. Har uban yaron ya daina kaɗa ƙafa.

“Wagga bisa haki taka ci,” in ji shi da harshen garinsu, wato dabbar nan ciyawa take ci. “Dibi haƙoran, ƙanana. Dibi hwaɗin awazzai, tumbi gare ta babba. Kuma wutsiyag ga, ƙashin ya haɗe, ba ta lanƙwasa. Ba ta iya bin kowa da ita. Sai wanda yab biyo ta baya yaka shan ta.”

Ni da na karanta littafin sau uku ban ga wannan ba. Ya rufe shi ya miƙo mini da hannu biyu, bai saki ba sai da na dube shi.

“Malama, ke ad da aji. Ɗiyata ko akuya ba ta taɓa bugu ba. Yaron ga, mi yakai bayanta? Kin taɓa ganin wani abu?”

Na ji uban yaron ya gyara zama, na ji kujerar ta yi ƙara. Na tuna takardar tabbatar da aikina da ke kan wani teburi a wani ofis. Ban yi dogon tunani ba, kuma wannan ne abin da ya fi ba ni tsoro har yau, yadda maganar ta fito sumul ba gargada.

“Ban taɓa gani ba, Baba.”

Yarinyar ta ɗago kai. Ba harara ta yi mini ba, da ma ita ce da na samu abin riƙewa. Kallona kawai ta yi irin wanda take yi mini ta taga, sannan ta mayar da kanta ƙasa. Na tsaya ina jin muryata tana yawo a kunnena, ina mamakin wace ce wannan da ta yi magana da bakina.

Hedimasta, mutumin kirki ne, ya yi ƙoƙarin raba gardama. Ya ce a dakatar da ita mako biyu, a yi mata bulala a gaban asambuli, magana ta wuce. Uban yaron ya fara saukowa. Mahaucin ne ya ce a'a. Ya ce shi ya yi magana ranar da ya kawo ta, kuma tunda malamar aji ta ce ba abin da aka yi mata, to ɗiyarsa ce mai laifi, ba zai bar mai karya ƙafafun 'ya'yan mutane a cikinsu ba. Ya durƙusa har ƙasa ya ba uban yaron haƙuri. Ya nemi izinin ɗaukar dutsensa, ya sa a aljihu, ya naɗe gyalen, ya ce mata ta tashi. Ta tagar nan tawa na ga fitarsu, yana gaba tana biye, ba ta ko koma aji ɗaukar jakarta ba.

Mako uku ina cewa gobe zan je wurin mahaucin. Ba na iya cin ƙosai a ofis, na mayar da kujerata can ƙuryar da ba taga. Wata Asabar dai na shiga Babbar Kasuwa, na bi layin mahauta ina tambaya har aka nuna mini rumfarsa. Yana wasa wuƙa a kan dutsen nan. Na gaishe shi, ya amsa da sakin fuska, ya tambaye ni na nawa za a yanka. Na ce ba nama na zo saye ba. A tsaye, ƙudaje suna bi ta fuskata, mutane suna ture ni, na gaya masa ƙarya na yi, na gani, tun zangon farko nake gani. Na ce in ya yarda zan je in faɗa wa hedimasta a dawo da ita.

Bai daina wasa wuƙar ba. Ya ce ya sani, tun a hanya ranar ta gaya masa ina kallo ta taga. Ya ce ta riga ta tafi, motar da ta sauke shanu ce ta koma da ita, kakarta ma ta ji daɗin samun mai ɗebo mata ruwa. Na sake roƙo, har da hawaye, ni da nake ganin kuka a kasuwa aikin marasa aji ne.

“Can gaban mutane nis so ki hwaɗi, Malama,” ya ce. “Nan ba shi da amfani.”

Wata mata ta zo sayen hanta, ya juya wurinta. Na ɗan ƙara tsayawa, sannan na tafi.

A ƙarshen zangon takardar tabbatar da aikina ta fito. Yaron ya warke, ya dawo da ɗan ɗingishi na 'yan makonni, ya zama ɗan lelen aji. Ranar da za a ba da hutu ina kwashe kabad na ci karo da littattafan nan da na manta ban raba ba. Na raba wa masu su, ɗaya ya rage a hannuna, mai rigar jarida. Na zauna a bencin ƙarshe na buɗe. Zanenta ya fi nawa kyau, ta jera farantan bayan ɗaya bayan ɗaya, ta yi wa gudumar inuwa da fensir. A ƙasa ta kwafi tambayar, me ya sa wannan dabba take da guduma a wutsiya, ta ja layi da rula, ta rubuta amsarta: “Domin babu mai raba su.”

Ranar Talata na duba littafin, kwana biyu kafin ta ɗauki dutsen. Na ja wa amsar jan biro, na ba ta sifiri, na rubuta mata amsar daidai a ƙasa da kyakkyawan rubutuna.